Yadda za ka shirya injinka na casar shinkafa kafin sufeton ma'aikatar ƙwadago ya iso

Tun 2015 da aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi injinan casar shinkafa suka yawaita a jihar nan. Ban da manya irin Labana na Birnin Kebbi da WACOT na Argungu, ka bi ta Jega, Kamba, Bunza, Suru, Yauri, ko'ina za ka ji ƙarar ƙananan injina, wani rumfar kwano ce kawai da injin Lista da yara biyar, wani kuma ya ɗan tasa har da boila da na'urar tsince dutse. Alhamdu lillahi, jama'a sun samu abin yi. To amma abin da da yawanmu ba mu lura da shi ba, ranar da ka kafa inji ka ɗauki ma'aikaci kana sarrafa kaya don sayarwa, a wurin doka kai mai masana'anta ne, kuma akwai jami'in gwamnati da ke da ikon shigowa wurinka ya duba ko ka so ko ba ka so ba.

Abin da na fi gani shi ne da an ce ga masu dubawa nan tunanin mai inji ɗaya ne, nawa zan ba su su tafi. Wallahi wanga tunani shi ke cutar da mu. Abubuwan da sufeto ke nema su ne dai waɗanda ke cire ma yaranmu yatsu, su kurumtar da su, su bar su da tarin da ba ya jin magani. Saboda haka ga yadda za ka bi wurinka da kanka ka gyara tun bai zo ba.

Fara da sanin wa ke zuwa, don ba ɗaya ba ne. Sufeton masana'antu na ma'aikatar ƙwadago ta tarayya ne, daga sashen kula da lafiya da kariyar ma'aikata, kuma ma'aikatar na da ofishi a kowace jiha ƙarƙashin kwanturola. Dokar da yake aiki da ita ita ce Dokar Masana'antu ta 1987. Shi ruwansa da inji, boila, ƙura, gobara da lafiyar ma'aikaci. Sai jami'an NSITF, asusun inshorar ma'aikata, su maganar diyya ce tasu ƙarƙashin Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010. Sai duba-gari na jiha da ƙaramar hukuma, su tsafta suke dubawa, makewayi, kwata, tulin ɓuntu a bayan katanga. 'Yan kwana-kwana na duba shirin gobara. NAFDAC kuma sai in kana ɗura shinkafa a buhu mai sunanka, su abincin suke dubawa. Ka riƙe wanga bambanci da kyau, saboda takardar wani ba ta wanke ka wurin wani, rasit ɗin ƙaramar hukuma ba ya zama rajistar masana'anta.

Abu na biyu takardu. Ka je ofishin ma'aikatar ƙwadago na jiha da ƙafarka ka ce kana son yin rajistar masana'anta. Za a tambaye ka sunan mai wurin, adireshi, irin aikin da ake yi, irin injin da ke tuƙa aikin, ko akwai boila ko tankin iska, da yawan ma'aikata maza da mata. Asali doka na son a nemi rajistar tun kafin a fara amfani da wurin, amma in ka riga ka fara kada wannan ya hana ka zuwa, gara ka kai kanka da a zo a iske ka. Duk kuɗin da za a biya na gwamnatin tarayya cikin asusun gwamnati ake biyansa kai tsaye, ka fito da rasit ka aje, kada ka miƙa ma kowa kuɗi a hannu ko ka tura asusun wani mutum. In satifiket ya fito ka sa shi cikin firam ka rataye, kuma ka duba ranar ƙarewarsa don ana sabunta shi.

Ka tambaye su kuma abu biyu tun kana can, babban littafin rajista na masana'anta, da taƙaitaccen bayanin dokar da ake liƙawa a ƙofar shiga inda ma'aikata za su gani. Wancan littafi shi ne sufeto ke fara buɗewa. A ciki ake rubuta duk haɗarin da ya faru, ranar da aka yi ma bango farar ƙasa ko fenti, ranar da aka gwada boila da rahoton gwajin. In ba ka samu nasu da wuri ba ka sayi babban littafi mai kwalin bango ka fara rubutu yau, da kwanan wata, ko da Hausa ne ko da ajami.

Daga nan NSITF. Mai wuri ne ke biyan kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa a wata, kuma daga aljihunsa, doka ta hana a cire daga albashin ma'aikaci. Yi lissafi da kanka, in jimillar abin da kake biyan yara a wata naira 600,000 ce to naira 6,000 ke nan. Ka auna wannan da kuɗin aikin tiyatar hannu ɗaya. Ka rubuta sunan kowane ma'aikaci, shekarunsa, aikinsa, albashinsa da lambar wani nasa na jini. Dokar Ƙwadago ma ta ce cikin wata 3 da fara aiki a ba ma'aikaci takardar da ta faɗi sharuɗɗan aikinsa. Shafi ɗaya ya isa.

To yanzu a shiga cikin inji, nan ne aikin yake. Ka zaɓi ranar da ba kasuwa, ka kashe komi, ka zare makullin janareta ka sa aljihunka, ka kira ofareta da makanikinka ku bi wurin tare daga inda ake zuba shanshera har inda shinkafa ke fita. Ka riƙe alli a hannu. Duk abin da ke juyawa ka yi mishi alama: filawil ɗin Lista, fuli, bel, shaf ɗin da ya bi ta ƙasa ko ta saman kai, sarƙa, fankar da ke hura ɓuntu. Dokar ta ce duk ɓangaren inji mai haɗari a killace shi sosai, kuma killacewar ta kasance tana wurin duk lokacin da inji ke aiki. Wannan shi ne laifin da ya fi yawa a ƙananan injinanmu, bel tsirara yana gudu yaro na wucewa ta gefensa da buhu a kai ba ya ganin gabansa.

Gyaransa ba tsada. Kira mai walda ya yi maka keji da ƙarfen kwana da raga mai ƙananan ido wadda yatsa ba ya shiga, ya rufe bel da fuli gaba da baya, ba gefen da ake gani kaɗai ba. Wurin da ya fi cin hannu shi ne daidai inda bel ke hawa fuli, nan ka fi tsanantawa. A ɗaure kejin da noti yadda sai da sifana za a cire, amma a yi mishi ƙofa wadda makanike zai buɗe ya canja bel cikin sauƙi. In ka yi kejin da ke ba su wahala, ranar farko da bel ya tsinke za su cire shi su jingine a bango kuma ba zai koma ba. A bar ƙaramar kafa ta zuba giris don kada a riƙa buɗewa. Bakin da ake zuba shanshera kuma a sa mishi sandunan ƙarfe a gicciye, yadda hatsi zai wuce hannu ba zai kai ciki ba.

Sannan ka kafa doka uku ka tsaya a kansu ko ɗanka ne ya karya. Ba a ɗora bel ko a sauke shi inji na gudu, na san ana yi da sanda ko da ƙafa don a rage lokaci, a daina. In inji ya cushe ba a sa hannu, a kashe, a jira ya tsaya cak, mai gyaran ya riƙe makulli a aljihunsa har ya gama don kada wani ya tayar bai sani ba. Kuma ba a zuwa kusa da inji da babbar riga, rawani, gyale ko hijabi mai jan ƙasa. Wannan na ƙarshe ya shafi mata masu kawo gumi casa, su ne ke matsowa su tara kwano a bakin inji. Ka ja layi da jan fenti a ƙasa, ka aje benci can baya, ka ce musu da girmamawa, Inna dan Allah ku zauna nan, yaro zai kawo muku. Ofareta ka ɗinka mishi riga da wando masu kama jiki, kala biyu, da takalmi rufaffe. Silifa ba takalmin aiki ba ne.

Wuta kuma. Duk wayar da aka haɗa aka naɗe da leda a canja ta. Akwatin suwic ya kasance da murfi, saboda ƙurar shinkafa na taruwa ciki kuma tartsatsi ɗaya ya isa. A tabbatar injina na da wayar ƙasa, a sa makashin da kowa ya san wurinsa kuma hannu na kai mishi ba sai an tsallake buhuna ba. Janareta a waje, bakin salansa na kallon nesa da taga, don hayaƙinsa na da iskar da ba ta da wari kuma tana kashe mutum cikin barci. Mai gadin da ke kwana kusa da janareta cikin ɗaki lokacin hunturu don ya ji ɗumi, ka hana shi yau.

In kana da boila ta turara shinkafa to ka ba wannan sashe hankalinka duka. Dole ta kasance da bawul ɗin da ke sakin tururi da kansa in matsi ya yi yawa, da agogon matsi mai aiki wanda aka yi ma alama a iyakar da ba a wucewa, da gilashin da ke nuna yawan ruwa. Dokar ta ce mai gwajin boila da hukuma ta amince da shi ya duba ta aƙalla sau ɗaya cikin kowane wata 14, da kuma bayan duk wani babban gyara, ya ba da rahoto a rubuce a liƙa cikin littafin rajista. Makanikin unguwa komi ƙwarewarsa sa hannunsa ba ya tsayawa a nan, ka nemi sunayen waɗanda aka amince da su a ofishin ma'aikatar. Kada a taɓa ɗaure bawul da waya ko a ɗora mishi dutse wai yana zubar da tururi, aikinsa ke nan. In ruwa ya yi ƙasa har tukunya ta yi ja kada a zuba ruwan sanyi, a janye wuta a bar ta ta huce. Ruwan rijiya da na burtsatse na barin dattin gishiri ya daskare a ciki, shi ke sa ƙarfe ya ƙone ya kumbura, don haka a riƙa zubar da ruwan ƙasan tukunya a kai a kai. Boila ta hannu da aka sayo ba takarda, ko wadda aka ƙera da tsohon tanki, a gwada ta kafin a hura mata wuta ko sau ɗaya. Tankin kwamfaresa ma yana cikin abin da ake gwadawa, kuma kullum a buɗe famfon ƙasansa ruwan da ya taru ya fita.

Masu gumi da rabin durom a kan murhu, ku ma ku gyara mazaunin durom ya zauna daram, ku share santsi a kewaye, kuma yara ƙanana su yi nesa.

Sai ƙura, wadda mun saba da ita har ba mu ɗauke ta komi ba. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin shanshera ɓuntu ne, kuma ƙaiƙayinsa da ƙurarsa su ke shiga ido da ƙirji. Duba gashin idon ofaretanka da yamma ka ga yadda ya yi fari, abin da ya shaƙa ke nan tun safe. Matakin farko a fitar da ƙurar ne, ba takunkumi ba. A ja bututun ɓuntu ya fita waje zuwa ɗaki rufaffe, a toshe duk inda yake yoyo, a buɗe tagogi biyu masu kallon juna sama kusa da rufi, in da hali a sa fanka mai zuƙe iska. Shara kuma a yayyafa ruwa kaɗan kafin a yi. Bayan wannan sai takunkumi, irin N95 mai kama hanci, a canja in ya toshe. Ƙyallen da ake ɗaurewa a baki ba ya tare ƙura mai laushi. Kuma doka kan mai wuri ta ɗora samar da kayan kariya, ba a cire kuɗinsu daga albashi.

Mu da ke maƙwabtaka da Zamfara bai kamata a yi mana dogon bayani kan ƙura ba. A 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Yargalma, daga baya aka gano har Bagega, yara wajen 400 suka rasu saboda gubar dalma daga ƙurar dutsen zinari da ake niƙawa cikin gari da cikin gidaje, wani wuri da injin niƙan hatsi. Ƙurar shinkafa ba dalma ba ce, amma abu biyu za ka ɗauka. Injin abinci kada ya taɓa niƙa dutse ko wani abin da ba abinci ba komi kuɗin da aka ba ka. Kuma ma'aikaci ya samu wurin wanka da wurin aje kayan gida, ya tuɓe kayan aiki a nan, kada ya kai ma ɗiyansa ƙura.

Ƙara ma haka. Gwajin mai sauƙi ne, in mutum na tsaye nisan hannu da kai amma sai ka ɗaga murya zai ji ka, ƙarar ta kai wadda ke lalata ji a hankali, wajen desibel 85 in za a yini cikinta. Jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa. Abin toshe kunne na soso ba shi da tsada, saya da yawa. Ka raba ɗakin Lista da ɗakin aiki da bango, ka ɗaure duk kwanon da ke kaɗawa, kuma a riƙa musanya masu tsayawa bakin inji.

Gobara. Tulin ɓuntu kan ci wuta ta ciki a hankali ba a gani sai iska ta taso, don haka kada ya jingina da bangon inji ko ya kusanci murhun boila, a riƙa kwashewa, masu kaji da masu bulo na nema. Diza a ɗaki daban. Tukunyar kashe gobara mai hoda ita ta fi dacewa da wurinmu don tana yi ma mai da lantarki, a rataye ta kusa da ƙofa, allurar agogonta na kan kore, da takardar ranar da aka yi mata sabis. Ka tara yara ka sadaukar da guda ɗaya su gwada a fili: zare fil, nufi gindin wutar, matsa, kaɗa hagu da dama. Bokitan yashi su ma a aje. Ba a watsa ruwa kan wutar lantarki ko ta mai.

Ƙofa kuwa, dan girman Allah kada a kulle ma'aikata ciki. Na san dalilin, tsoron a fitar da buhu da dare. A 2002 gobara ta tashi a wata masana'antar roba a Ikorodu ta jihar Legas, ma'aikatan dare suka rasa hanyar fita saboda ƙofofi na kulle, mutane da dama suka ƙone. Doka ta ce muddin akwai mutum ciki ƙofa ta zama wadda za a buɗe nan take daga ciki. In sata kake tsoro ka sa mai gadi a bakin ƙofa, ka ƙirga buhu. A rubuta HANYAR FITA da jan fenti manya-manya, kuma kada a tara kaya a gabanta ko na awa ɗaya.

A sito a jera buhuna kan katako, a sarƙe su kamar ginin bulo, kada tsayi ya wuce inda za a sauke lafiya, kuma ba a zaro buhu daga ƙasa. Buhun kilo 100 a kan mutum ɗaya ya yi yawa, tun 1967 ƙungiyar ƙwadago ta duniya ta ba da shawarar kada namiji baligi ya ɗauki fiye da kilo 55 shi kaɗai. Sayi baro ko kura, ko mutum biyu su kama. Katakon da 'yan dako ke hawa zuwa bayan tirela ya zama mai faɗi da 'yan sanduna a gicciye don santsi. In an sa ƙwayar fostoksin, maganin ƙwarin hatsi mai fitar da iskar guba, a sito to ba mai kwana ciki ko a ɗakin da ke manne da shi, a rufe, a liƙa gargaɗi, a buɗe ya sha iska sosai kafin a shiga.

Ruwan sha mai tsafta a randa ko tanki mai murfi, wurin wanke hannu da sabulu, makewayi na maza daban na mata daban. Daga Maris zuwa Mayu zafin Kebbi na haura digiri 40, ƙarƙashin kwano kuma ya fi haka, to a matsar da aikin dako zuwa safe da yamma, musamman in azumi ya faɗo cikin zafi. Akwatin taimakon gaggawa a sa bandeji, auduga, filasta, safar hannu, almakashi, ruwan wanke ido da gishirin ORS, a damƙa shi ga mutum ɗaya da aka koya ma aikin, kuma kada makullinsa ya tafi kasuwa cikin aljihun manaja.

Maganar yara ƙanana dole in faɗe ta ko ba ta yi daɗi ba. Dokar Ƙwadago ta hana sa wanda bai kai shekara 15 ba aiki a masana'anta, wanda bai kai 18 ba kuma ba a sa shi aiki mai haɗari. Almajiran da ke shigowa tattara ɗan tsaki da dusa a ƙarƙashin inji, in kana son taimakonsu ka auna musu ka miƙa a waje. Sabon ma'aikaci kuma ba a barinsa da inji sai an nuna mishi haɗarinsa kuma wani gwani na tsaye kansa. Rubuta ranar da aka koya mishi cikin littafi ya sa hannu ko ya dangwala.

Ranar da sufeto ya zo, ba lallai ya sanar da kai ba, doka ta ba shi ikon shiga da rana ko da dare in ana aiki. Ka tarbe shi da mutunci, sannu da zuwa yallaɓai, bismillah ga wuri, sannan cikin ladabi ka ce ranka ya daɗe ko zan ga katin aiki. Haƙƙinka ne, kuma jami'in gaskiya ba ya jin haushin wannan. Rubuta sunansa da ofishinsa. In ka yi shakka kira ofishin ma'aikatar kafin ku ci gaba, shi ya sa tun ranar rajista za ka karɓi lambarsu. Hana shi shiga, ɓoye littafi ko korar yara ta ƙofar baya don kada ya yi musu tambaya, duk laifi ne mai zaman kansa. Yana da ikon ya keɓe da ma'aikaci ya tambaye shi, ka ba su wuri, kuma kada ka bi yaron da bincike daga baya.

Ka bi shi da littafi da biro. Duk abin da ya nuna ka rubuta, ka tambaya yallaɓai yaya ake son a gyara shi, kwana nawa gare ni. Yawancinsu in sun ga kana rubutu bayani suke ƙarawa. Abin da bai yi daidai ba zai iya ba ka takardar umarnin gyara mai wa'adi. In kuwa ya ga abin da zai iya kashe mutum yanzu, kamar boila ba bawul, zai iya ba da takardar hana amfani da wannan inji ko sashen har a gyara. Tarar da ke cikin dokar lissafin kuɗin 1987 ne, ba ta da yawa a yau, abin da ke da ciwo shi ne a tsayar maka da aiki tsakiyar kaka. Ka nemi komi a rubuce. In wani ya nemi a sallame shi ka ce a ba ka takardar biya cikin asusun gwamnati, in ya matsa ka kai maganar gaban kwanturola ko hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC. Kuma kai ma kada ka fara miƙawa, mai bayarwa da mai karɓa duk doka ta hau kansu, sannan bel ɗin na nan tsirara bayan ya tafi.

Da ka gama gyara ka ɗauki hoto kafin da bayan, ka rubuta wasiƙa gajera ka kai ofis, a buga maka hatimin karɓa a kwafinka. Daga nan ka sa rana ɗaya duk wata, misali Asabar ta farko, ku sake zagayawa da ofareta da allinku.

In kuma ƙaddara ta faɗa duk da haka, Allah ya kiyaye, a fara kashe inji. Jini a danne shi da ƙyalle mai tsafta a ɗaga hannun sama. Ƙuna a zuba ruwa mai sanyi na minti 20, ba man inji, ba ƙwai, ba man goge baki. In yatsa ya cire a naɗe shi da bandeji mai ɗan danshi, a sa cikin leda a ɗaure, a sa ledar cikin ruwan ƙanƙara, kada naman ya taɓa ƙanƙarar kai tsaye, a tafi da shi tare da mai raunin zuwa babban asibiti mafi kusa, in abin ya fi ƙarfinsu za su tura Asibitin Koyarwa na Tarayya ko na Sir Yahaya a Birnin Kebbi, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo (UDUTH) a Sakkwato. Kada a taɓa wurin da abin ya faru fiye da abin da ceto ya buƙata, a ɗauki hoto, a rubuta sunayen waɗanda suka gani.

Sannan rahoto. Haɗarin da ya yi kisa ko ya hana ma'aikaci aikinsa fiye da kwana 3, dole a sanar da sufeto a rubuce ba da jinkiri ba, a kuma shigar cikin littafi. Ta ɓangaren NSITF, ma'aikaci ko wani nasa ya sanar da mai wuri cikin kwana 14, mai wuri ya kai rahoto cikin kwana 7, in rasuwa ce nan take. Neman diyya kuma a shigar da shi cikin shekara ɗaya. A aje katin asibiti, rasit da rahoton likita. Sulhun da ake yi a zaure a ba iyaye ɗan abin da ya samu a ce ƙaddara ce, taimakon ba laifi ba ne, amma ba ya maye gurbin rahoton kuma ba ya soke haƙƙin yaron.

Kai kuma ma'aikaci, in ka faɗa ma maigida sau ɗaya sau biyu bai gyara ba, kana iya zuwa ofishin ma'aikatar ƙwadago da kanka ko ka aika a rubuce. Yarjejeniyar duba wuraren aiki da Najeriya ta amince da ita tun 1960 ta wajabta ma sufeto ya ɓoye sunan wanda ya kai ƙara. Ka faɗi sunan wurin, unguwa, wane inji ne, mi ke damunsa, da lokacin da ake aiki don ya zo ya iske shi yana gudu.